Fuskar Bulus a Kan Atamfa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe abokina Bulus. Tare muka koyar a wata firamare a Turaki, shi lissafi, ni Hausa. An ɗauke shi aikin zaɓen kansila a wani ƙauye kan hanyar garin Mutum Biyu. Da la'asar 'yan bangar wani ɗan takara suka zo ɗauke akwatin ƙuri'a. Kowa ya watse, shi kuwa ya rungume akwatin ya zauna a kai. Gora ɗaya suka sauke masa a ƙeya.

Tun daga shekarar, jam'iyyar da aka yi wa ƙwacen ta mai da shi nata. Suna kiransa shahidin dimokuraɗiyya. Limaminmu bai ba shi wannan suna ba, faston cocinsu ma bai ba shi ba. Daga bakin lasifika ya fito. Duk shekara ana buga fuskarsa a atamfa, matan jam'iyya su yi anko, su ɗaura, su zauna a kansa har a gama jawabai. A jawaban, Bulus ya ba da jininsa don ƙasa ta zauna ɗaya, kuma duk mai son ƙasa sai ya zaɓi magadansa, wato masu riƙe da lasifikar.

Ni dai ban taɓa jin Bulus ya ambaci ƙasa da irin wannan murya ba. Mutum ne da in an damƙa masa abu, ko kwalin alli ne, sai ya mayar da shi hannun wanda ya ba shi. Akwatin nan amana ce aka ba shi da safe, yana so ya mayar da yamma. Da zai leƙo yau, ba zai tsaya kallon atamfar ba. Cewa zai yi, "Malam, an ƙirga ƙuri'un kuwa?" Ni kuma in sunkuyar da kai, domin a bayan ajin da aka yi zaɓen aka ƙone su, kuma har yau ba wanda ya kwana a kurkuku saboda shi.

Bana abin ya ƙara armashi. Ɗan takarar da yaransa suka zo ɗauke akwatin a ranar ya sauya sheƙa zuwa wannan jam'iyya, yana neman kujerar da ta fi ta kansila, kuma shi ne babban baƙo a taron tunawa. Saura abu ɗaya ya wanku: matar marigayi, Rifkatu, ta hau dandamali ta riƙe hannunsa a gaban kyamara. In ta yi, 'yarsu Ladi, wadda ta gama karatun jinya shekara uku tana zaune a gida, za ta sami takardar aiki. Ni kuma aka ce in rubuta mata jawabin, tunda na iya jera kalmomi.

Makon jiya Rifkatu da Ladi suka zo gidana su biyu.

"Malam, jam na, kana lafiya? Wai sun ce Bulus na ƙasa ne yanzu, ba nawa ba."

"Me kika ce musu, Maman Ladi?"

"Na ce to ƙasa ya zo ya yi mini noman doya. Yafewa na yafe tun tuni, tsakanina da Allah. Amma yarinyar nan fa? In na ƙi, ita ne zai sha wahala."

Ban iya ce mata kada ta je ba. Ba 'yata ce ke zaune ba. Ladi ce ta ɗago kai.

"Baba Malam, aikin da sai Mama ta riƙe hannun mutumin nan, su ba wani. Zan ci gaba da ɗinkina."

Jiya na ji an ba 'yar wani mai faɗa a ji gurbin. Ranar Asabar za a yi taron, za a yi shirun minti ɗaya, kuma na tabbata ba za a rasa wata mace da za a zaunar a kujerar gaba ba. 'Yan jarida ba su san fuskar Rifkatu ba.

Na daɗe ina auna abin da ya rage na abokina. Sunan ya koma hannun masu neman kujera, kuma ba na jin za mu ƙwato shi. Mu abin da aka bar mana shi ne yarinya mai takardar jinya a wata rumfa a Kasuwar Jalingo, tana taka keken ɗinki, ta san abin da ta rasa, kuma ba ta ce kowa ya tafa mata ba.