Ranar da Aka Yi wa Babana Ashar

Wata Alhamis ce da kaka, shekarar da nake aji huɗu a Gashua, aka idar da sallar la'asar a ɗan masallacin ƙofar gidanmu, sai Malam Gul ya miƙe ya ce yana da magana. Malam Gul mutumin Pakistan ne, malamin lissafi a sakandare, dogo mai jan gemu, yana haya a jikin gidanmu. Harshensu Fashto, ya ce, kuma Hausarsa duk a karye take. Ya nuna zaurenmu ya ce, “Malam Sule ba lafiya. Gobe kowa ya zo, mu yi masa ashar. Babba da yaro, ashar mai yawa!”

Liman ya ja salati. Babana, Malam Sulen, kuwa yana kwance a zaure, ƙafa a ɗaure da karan ɗori, don wani bijimin sa ya take shi a kasuwar Kumagannam wajen loda shanu. Shinkafarmu ta nuna a fadama, ita ce cinmu na shekara, ga tsuntsayen janbaki suna sauka a kanta kamar hayaƙi. Ni da ƙanena tun asuba muke can, muna kaɗa gwangwani da duwatsu a ciki, muna wulla majajjawa har murya ta dishe, ko makaranta mun daina zuwa. Baba ya ƙi kiran gayya. Daga Haɗeja ya zo, fataucin dabbobi ya sa bai taɓa zuwa gayyar kowa ba, sai yake jin nauyin ya nema. Inna kullum kuka take a ɓoye, tana cewa kafin ƙafar ta warke tsuntsu ya cinye mu.

To ga baƙo yana kiran a taru a ɗura masa ashar. Na ji zuciyata ta tafasa, har na damƙi dutse. Maƙwabcinmu Ba Modu, wani Babarbare mai saurin hannu, ya cire takalmi ya ce, “Kai Malam, mutum yana jinya za ka tara mu mu zage shi? Me ya yi maka?” Malam Gul ya ruɗe, ya shiga maimaita kalmar da ƙarfi, abin ya ƙara ɓaci. Da ya ga ba dama sai ya sunkuya, ya kama iska da hannun hagu, ya yi ta yanka da na dama, yana nuna hanyar kogi. Ba Modu ya saki takalmin ya ce, “La'ilaha! Gayya yake nufi!” Ashe a garinsu haka ake kiran aikin da jama'a ke taruwa su yi wa mutum ɗaya. Dariya har da masu riƙe ciki, ni ma na yar da dutsen a ɓoye.

Washegari fadamarmu ta cika da lauje. Badawa masunta sun bar komarsu sun zo, Fulanin bayan gari sun kawo amalanken shanu, mata suka dafa burabusko da miyar kuka. Malam Gul ya naɗe wando yana yanka, yana jero karin maganar ƙasarsu kan haɗin kai, ba mai jin ko ɗaya, amma kowa na amsa masa da “Haka ne, Malam!” Kafin a tafi Juma'a an kwashe rabi, zuwa yamma dami ya cika tsakar gidanmu. Da Baba ya gani sai ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ran nan. Bayan ya warke, babu gayyar da ta sake wuce shi.

Yanzu ina Nguru da iyalina. In shinkafa ta nuna, inji ake kira ko a ɗauki leburori, maƙwabci ma sai an gama yake jin labari. Bara zazzaɓi ya kwantar da ni daidai lokacin yanka, na yi ta sauraron ƙofa. 'Yan dubiya sun zo, sun yi addu'a, sun tafi. Na kwanta ina kewar mutum ɗaya da zai miƙe a masallaci ya ce a yi mini ashar.