Luguden Ƙaltume da Sandar Gora

Duk wanda ya san unguwar Al-Ranuna ta Madina ya san Ƙaltume mai girkin biki, amma ba kowa ne ya taɓa jin muryarta ba. Doguwa ce, ƙaƙƙarfa. Tukunyar shinkafar da maza biyu ke nishi a kanta, ita sai ta sungume ta kamar kwanon sha. Amma ta buɗe baki, sai ka kai kunnenka kusa da haɓarta. Matan unguwa suna tsokanarta wai sauro ya fi ta amo. Murmushi kawai take yi.

Ba haka aka haife ta ba. A Mai Wurno ta tashi, can Sudan, a bakin kogi, ita da ƙanwarta Lauratu. Su ne gwanayen lugude a unguwarsu: turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan ta sauke waccan ta ɗaga, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe. Idan Ƙaltume ta ƙwala wa Lauratu kira daga bakin ruwa, har masu kwalekwale na tsallake sai sun waiwayo.

Sai aka kawo ta Madina tana amarya. Ranar da ta fara hango koriyar ƙubba, daɗi ya kama ta, ta toshe hanci za ta rangaɗa guɗa. Mijinta Barau, Allah ya jiƙansa, ya riƙe mata hannu.

"Ke! Nan maƙwabtan Manzo ne. Ba a ɗaga murya."

Sau ɗaya ya faɗa, bawan Allah, shi kansa ya manta. Idan yana kallon ƙwallo har titi ana jin sa. Ita kuwa ta ƙulle maganar a bakin zane. Mutane suna sassauta murya a Harami, Ƙaltume ta sassauta tata a Harami, a kasuwa, a kicin, kai har ranar da ta haifi 'yarta Nadiya, ungozoma sai da ta leƙa fuskarta ta ga ko barci take. Turmi ma ya bar hannunta. A bene suke zaune, tana fara daka mutumin ƙasa zai hau buga rufi da tsintsiya. Aka saya mata injin niƙa, ana danna masa maɓalli ya yi ta kuka shi kaɗai.

Da aka bugo waya cewa Lauratu ta rasu, Ƙaltume na tsaka da yanka albasar wani biki. Hanya ba ta biyuwa a lokacin, ba ta je ba. Ta zauna ta yi kukanta shiru, har masu taya ta aiki suka zaci albasa ce.

Bayan haka ne likita ya ce sukari ya hau, sai ta riƙa motsa jiki. Nadiya ta kai ta wani wurin motsa jiki na mata. Yarinyar bakin ƙofa ta dube ta sama da ƙasa, ta nuna mata inda ake ajiye bokiti da tsumma. A wuri na biyu aka ɗora ta kan wata na'ura, ta yi ta tafiya tana zufa. Da ta sauko ta raɗa wa Nadiya, "Duk wannan tafiyar, da ƙasa ce ai na kai Masallacin Ƙuba na dawo." Ba ta koma ba.

Wata ranar la'asar ta kai abinci wani gida a unguwar Aƙiƙ. Tana saukowa daga bene sai ta ji wani sauti ta bayan wata ƙofa. Ƙwas, ƙwas. Ƙwas, ƙwas. Itace biyu suna amsa wa juna. Ƙafarta ta ƙi gaba. Rabonta da jin wannan amo tun a tsakar gidan uwarta.

Ta tura ƙofar. Mata ne ba takalmi, cikin baƙaƙen wanduna masu faɗi, kawunansu cikin hular ƙarfe mai raga kamar an kife musu kwandon soya kifi. Biyu-biyu suke, fuska da fuska, suna dukan juna da sandar gora, suna kurma ihu kamar an taka musu wutsiya. A Madina! Ƙaltume ta dafe ƙirji.

Wata gajeriya ta cire hula ta taho. Ita ce malamarsu, Kabtin Hibatullah, wadda ta koyo wasan lokacin da take karatu a Japan. Ba ta dubi tire ɗin da ke hannun Ƙaltume ba.

"Marhaba, ya Hala," in ji ta, wato inna da Larabci. "Kendo ne, wasan takobin Japanawa. Cire takalmi ki shigo." Ta miƙa mata sanda.

Ranar farko Ƙaltume ta bar tarihi. Aka ce ta ɗaga sanda sama da kai ta sauke. Ta ɗaga, ta sauke, ta ɗaga, ta sauke, jiki ya tuna abin da ya sani. Sai ga sanda a sama tana juyi, Ƙaltume ta tafa, ta cafe. Wata budurwa mai suna Fiddausi, jikar Kanawa, haihuwar Madina, ta faɗi ƙasa don dariya. Tana jin Hausa sarai, amma sai dai ta amsa da Larabci.

"Wallahi haka kakata take yi! Ya Hala, takobi ne, ba taɓarya ba!"

Kabtin ta ce, "Mashaallah, hannu akwai. Amma wanda ya saki takobinsa ya tsaya tafi, sai dai a tafa a jana'izarsa."

Ƙaltume ta yi dariya har da hawaye, ba sauti.

Nan matsalar take. Dokar wurin ita ce sabuwar shiga tana tsayawa jikin bango tana saran iska, ba hula, ba abokiyar karawa, sai ran da Kabtin ta gamsu. Kuma a wasan nan sara ba ihu ba sara ba ne. Hannun Ƙaltume ya gyaru, ƙafarta ta gyaru. Waɗanda suka zo bayanta duk suka sa hula suka shige tsakiya. Ita tana jikin bango, tana buɗe baki iska na fita. Ba hular ce ta dame ta ba. Mutum take so a gabanta, ta sauke a ɗaga mata.

A unguwa kuwa ta shiga uku. Tana fitowa da sanda a jakar yadi, mata za su leƙo ta taga.

"Yaya Ƙaltume, yau wace ƙasa za a ci da yaƙi?"

"A bar mana Anbariyya dai, can muke sayayya!"

Nadiya ma ta gaji. "Ummi, ya isa haka mana. Ki yi ihun nan ki huta."

"A garin Manzo?"

Maganar ta kai kunnen Kabtin. Ta ja ta gefe ta ce, "Ya Hala, ni ma 'yar garin nan ce, kakannina suna kwance a Baƙi'a. Nan ba Harami ba ne. Ƙofa a rufe, mu kaɗai ne mata. Ba na son ki yi wa kowa tsawa. Ki kira wani kawai, wanda yake nesa."

Sannan ta yi abin da ba ta saba yi ba. Ta sa Fiddausi ta tsaya a gaban Ƙaltume, ta riƙe sanda a gicciye sama da kai. Ƙaltume ta sara. Ƙwas. Fiddausi ta rama a kan tata. Ƙwas. Suka kama, wannan ta sauke waccan ta ɗaga. Ƙamshin gero ya taso wa Ƙaltume daga inda babu gero. Ta ga ƙura a gashin idon ƙanwarta, ta ga wushiryarta. Ta ɗaga sanda.

"Lauratuuu!"

Gilashin taga ya amsa. Fiddausi ta ja da baya ta zauna daɓas. Wata ta ce a'uzubillahi. Ƙaltume ta tsaya tana sauraro kamar za a amsa daga tsallake.

Kabtin ba ta tambaya ko wace ce Lauratu ba. Ta ɗauko hula ta ɗaura mata da hannunta. "Kalmar ba ita ba ce," in ji ta, "amma muryar ita ce."

Yanzu Ƙaltume tana tsakiya, kuma 'yan matan suna rige-rigen kauce mata, don saranta sai an sha magani. Idan mota ta biyo da ita ta wajen Ƙuba, muryar takan koma raɗa kamar da, direba ya yi ta cewa "Na'am, ya Hajja?" Matan unguwa sun ce su ba su yarda ba sai sun ji da kunnensu.

Fiddausi ce abokiyar karawarta. Yarinyar kirki ce, tana ƙoƙari. Sai dai takan makara kaɗan wajen ramawa, ɗan kaɗan, yadda ba mai lura sai Ƙaltume. A wannan ɗan tsakanin take jira. Lauratu ba ta taɓa makara ba.