Malam Maccido, Mai Zauren da Ba a Tambayar Suna

Kafin rana ta taɓa kwanon rufin unguwarsu a Kaura Namoda, Malam Maccido ya riga ya dawo daga masallaci, ya ɗebo gero a kwano, ya buɗe ɗakin tantabarunsa. Ba ya gaggawa. Yakan watsa hatsin ya koma gefe yana kallo, ya gane wadda ta kwana da mura, da wadda ta ƙi kwanci, da namijin da ya fara cin zalin na ƙasa da shi. Daga nan sai ya wanke hannu, ya shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro, ya jona tsohuwar kwamfutarsa da batirin sola. Kwamfutar nan sai an tokare murfinta da bulo take tsayuwa, kuma matarsa Hannatu ta sha cewa ranar da ta mutu za a yi zaman makoki a gidan. A cikinta yake buɗe ɗaya ɗakin tantabarun, wanda ke kan intanet, wanda muke kira Zauren Tantabara.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Maccido tsohon malamin kwamfuta ne na sakandare. Zauren kuwa ɗan ƙaramin dandali ne da ya gina da hannunsa shekarun baya, don masu kiwon tantabara na Kaura da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukansu. Babu siyasa a ciki, babu talla, babu hoton amarya. Maganin ƙuraje ne, da yadda ake korar ɓera, da gardamar wane iri ya fi wane, gardamar da ba za ta ƙare ba har a tashi duniya. A watan nan idanunsa sun ce sun gaji, yanar ido ta fara rufe su, ya miƙa ragamar zauren ga 'yar ƙaninsa Yusra. Shi ya sa na ce ba zan bari ya sauka shiru ba, ko da zai yi fushi da ni. Kuma zai yi.

Dokokin zaurensa sun sha ba mutane haushi. Ba a shiga da sunan yanka, kowa da laƙabinsa. Ba a ba da lambar waya, shi ma ba ya tambaya. Ba a faɗin gari. In za ka sa hoton tsuntsunka, ka shimfiɗa buhu ko tsohon zani a bayansa, kada a ga komai sai tsuntsu. Kowace safiya Malam Maccido yakan bi hotunan ɗaya bayan ɗaya kafin ya sake su, ya goge bayanin wurin da waya ke liƙa wa hoto a ɓoye, sannan ya ƙura ido. In ya hango bakin rumbu, ko ƙahon saniya, ko wutsiyar babur, ko hasumiyar masallacin da za a iya ganewa, hoton ya koma wa mai shi da gajeren saƙo: “Tantabara munka ce, ba gidanka ba.”

To yaya ake shiga wurin da ba a tambayar suna? Nan ne ya ɗauko tsohuwar al'adar masu tantabara. Tun kafin a san waya, in mai kiwo ya yarda da kai, yakan ɗauko ƙwai daga ɗakinsa ya zo har gidanka ya sa wa tantabararka ta kwanta a kai. Wanda ya yi maka haka ya shiga gidanka, ya ga yadda kake, ya sha ruwanka. Malam Maccido ya ce wannan ita ce rajista. Sai wani ɗan zaure ya kai maka ƙwai, an ƙyanƙyashe, sannan a buɗe maka ƙofa. Mutum ɗaya ne ya san ka, shi ne kuma zai amsa in ka yi ba daidai ba.

Da farko an yi masa dariya, har da ni. Muka ce wannan wahala ta me, ga manyan shafukan sada zumunta kyauta, ka danna ka shiga, duniya ta gan ka. Dariyar ta tsaya ne a kan Salim na Badarawa. Salim mai kiwon raguna ne, ya iya, kuma yana son a san ya iya. Wani matashi mai suna Sirajo, wanda ke da dubban mabiya a ɗaya daga cikin manyan shafukan nan, ya je ya ɗauke shi bidiyo. Aka ga raguna, aka ga garken, aka ga gajeriyar katangar baya da hanyar da ta bi ta gonar dawa. Mutane suka yi ta zuba masa yabo. Ba a yi nisa ba ɓarayin daji suka zo ta wannan katangar, suka kore dabbobin, suka tafi da ƙanin Salim, sai da dangi suka sayar da gona kafin ya dawo. Ba wanda zai rantse cewa bidiyon ne ya kawo su. Amma Salim ya daina ɗaga kai in an ambaci waya.

Sirajo ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Ɗalibin Malam Maccido ne ma, a hannunsa ya fara taɓa kwamfuta. Yunwar mabiya ce ta kama shi, ita kuwa ba ta ƙoshi. Ya ji labarin wani ɗan zaure da ake kira Mai Safa, mai wasu tantabaru masu gashi har ƙafa kamar sun sa safa, irin da ba wanda ya iya fitar da su kamarsa a duk yankin. Muna cewa “shi” ne don baki ya saba. Ko mace ce, ko tsoho, ko a Ɗan Isa yake ko Birnin Tsaba, ba mu sani ba. Abu ɗaya muka sani: Malam Maccido ne ya kai masa ƙwai.

Hannatu tana tsakar gida ranar da Sirajo ya yi sallama, ita ta ba ni labarin. Ya durƙusa ya gaida malaminsa yadda ya kamata, sannan ya fito da buƙatarsa.

“Malam, ka haɗa ni da Mai Safa. Bidiyo ɗaya tak. Wallahi har Legas za a san shi, masu saye su yi ta kira.”

“Sirajo, ɗana, shi ya ce maka shina son a san shi?”

“Wa ke ƙin arziki, Malam?”

“Ka tambayi Salim.”

Sirajo ya sunkuyar da kai, amma bai haƙura ba. Ya ce to a ba shi lamba kawai, shi zai nemi izini da kansa. Malam Maccido ya ce zai isar da saƙo, kuma ya isar. Amsa ta dawo a taƙaice: a yi haƙuri, gidan ba shi da katangar kirki, kuma akwai yara a ciki. Sirajo ya ɗauka malaminsa ne ya ƙirƙiri amsar don ƙyashi. Ya fita ransa a ɓace, ya hau shafinsa ya jefa tambaya: wane irin zaure ne wannan da mutane ke ɓoye sunansu da garinsu a lokaci irin wannan, in ba na infoma ba?

Mutumin da ba ɗan nan ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. A wurinmu infoma shi ne mai kai wa 'yan bindiga rahoton gari, kuma wanda aka liƙa wa sunan ba kullum ake jira a kai shi gaban hukuma ba. Kafin a ce me, maganar ta zaga kasuwa da tasha da majalisun shayi. Malam Jalaluddeen, dattijon malamin unguwa da kowa ke jin maganarsa, ya ga in bai yi sauri ba abin zai fi ƙarfin baki. Ya kira zama a zaurensa bayan la'asar, da masu unguwa da shugabannin 'yan sa-kai.

Malam Maccido ya zo rungume da kwamfutarsa, har da bulon. Ya buɗe ya juya musu ita, ya ce kowa ya karanta abin da ya ga dama. Suka karanta. Maganin zawo, farashin gero, wani yana kukan mage ta cinye masa 'yan shila. Suka ce a nuna musu sunaye da lambobi. Ya nuna musu inda ya kamata su kasance, wayam, ya ce bai taɓa karɓa ba, don abin da ba ka tara ba ba a sace shi, ba a kuma ƙwace shi. Da a nan aka tsaya, da ya tsira cikin sauƙi. Sai ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya ce:

“To kai da kanka, Malam, ka san wanga Mai Safa ko ba ka sani ba?”

Ƙarya ɗaya ta ishe shi. Da ya ce bai sani ba, da kowa ya tashi. Waɗanda ke wurin sun ce sai da ya rufe kwamfutar a hankali, ya ɗaga kai.

“Na san shi. Ni na kai ƙwai gidan da hannuna. Ba ni hwaɗi.”

Wurin ya kaure. Wani ya miƙe tsaye, wani ya ce to ai magana ta fito. Malam Maccido bai ɗaga murya ba, bai kuma sassauta ba.

“In da wanda ya san laihin da ya yi, ya hwaɗe shi nan gaban Malam. Ni na tsaya mai, ni za ku kama, ga ni zaune. Amma in don a gan shi ne kawai, sunan da na hurta nan da la'asar, kafin magariba ya kai daji. Ku kun san haka.”

Malam Jalaluddeen ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya tambaya ko akwai mai ƙara a kan mutumin, ko da ta allura ce. Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Ya ce to abin da ke hannun Maccido amana ce, kuma shi bai karanta inda aka ce a karya amana don a kashe wa mutane ƙishirwar son sani ba. Ya shafa fatiha.

Kada ku ɗauka daga nan aka yi ta tafa masa. Ina! Zargi ba ya fita da fatiha ɗaya. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga darasin yamma da yake yi a ƙofar gida. Wasu da ke cin tuwo da shi suka koma gaisuwa daga nesa. Wasu 'yan zauren ma suka tsorata suka fice, suka koma inda ake tara yabo. Hannatu ta ce ta yi kuka, ta ce masa ya faɗa wa mutum ɗaya mana a huta. Ya ce mata mutum ɗaya ma yana da abokin sirri. Washegari ya fito da tabarmarsa ya ci gaba da korar hotunan rumbu kamar ba abin da ya faru. Sirajo ya goge rubutunsa daga baya, ya zo ya ba da haƙuri, Malam ya yafe masa, amma lambar dai bai samu ba.

Na taɓa tambayarsa ko yana ganin irin zaurensa zai maye gurbin manyan shafukan. Ya yi dariya ya nuna Hannatu, wadda ke can tana kallon jikokinta na Kaduna a ɗaya daga cikinsu. Ya ce ba zai maye ba, shi ma can yake jin rasuwa da ɗaurin aure. Amma can, in ji shi, kasuwa ce, kuma a kasuwar kai ne hajar: sun san inda ka kwana, da wanda ka kira, da abin da ka tsaya kallo. Mutum yana zuwa kasuwa, amma ba ya kwashe ɗakinsa ya kai can. Ni dai abin da na gani shi ne, zauren da aka ce zai mutu yana nan, kuma har yau ana kai ƙwai daga gida zuwa gida.

Malam Maccido, kai ne ka ƙi. Kai ne aka ɗora wa sunan da ke kashe mutum, ka ɗauka ka yi ta yawo da shi cikin gari don kada wani gida mai gajeriyar katanga ya kwana da fargaba. Kai ne ƙarya ta buɗe wa ƙofa ka ƙi bi. Mai bulo da tsohuwar kwamfuta, mun gode. Allah ya buɗe idanun nan, ya rufa maka asiri yadda ka rufa na mutane. Ku kuma masu riƙe da lambobinmu da hotunanmu, shugabannin rukunin waya na unguwa, masu shagon caji, masu rajistar makarantu da asibitoci, ku dube shi. Abin da ba ku buƙata kada ku karɓa, wanda kuka karɓa kuma ku riƙe shi ko da za a daina gaishe ku.

Ranar da ya miƙa wa Yusra zauren, muna zaune gindin dogon yaro sai ga direban motar kasuwa da ƙaramar ƙwarya a rufe da faifai. Ya ce wani ya ba wani, wanin ya ba shi, shi dai an ce ya kawo wa Malam. Yusra ta buɗe. Ƙwai biyu ne na tantabara, kwance cikin ƙaiƙayin gero, da gashin ƙafa guda ɗaya a gefe. Ta ce, “Baba, ai da 'yan shila ya aiko, ko manya.” Malam Maccido ya shafa ƙwan da yatsa, ya yi murmushi, ya ce babba in ta kuɓuce gida za ta nufa, kuma akwai masu ido a sama da za su bi ta su ga gidan da ta sauka. Ya tashi da ƙwaryar ya nufi ɗakin tantabaru, mu kuwa ba wanda ya tambaye shi daga ina.