Sai-na-taɓa Ya Tafi Ya Bar Ni da Famfo na Biyu

Ranar Laraba, sha ɗaya ga wannan wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran babban injiniyan kiyaye haɗari na tasharmu ta nukiliya, bayan jinyar kwana uku. Mai shi Ya karɓi abinSa. Amma Injiniya, tun da aka faɗa mini, gabana bai daina faɗuwa ba.

Shekara goma sha huɗu ina mataimakinka. A bayan idonka Sai-na-taɓa muke kiranka, domin ko fitilar ɗakin sarrafawa ta nuna bawul ɗin ruwan sanyaya tukunyar nukiliya, wato makullin bututun ruwan, a buɗe yake, sai ka sauka matakala saba'in da gwiwarka mai ciwo, ka kama shi da hannu. Kullum kana tuna mana cewa tukunyar nan ko an kashe ta zafinta ba ya mutuwa nan take, in ruwa ya yanke narkewa za ta yi. Mu kuwa dariya muke.

Wata rana bayan gyara na dubi fitila na sa hannu a takarda cewa bawul a buɗe yake. Ka sauka ka tarar da bawul a rufe, ashe mai gyara ya juya wayar fitilar. Ba ka tozarta ni gaban mutane ba. Ka ja ni ƙasa, ka ɗora hannuna a kansa, ka ce, "Ɗan'uwa, fitila abin da aka gaya mata take faɗa." Sannan ka raba shayinka biyu ka ba ni rabi.

Ranar Litinin za a sake tayar da tukunya. Makon jiya ka ƙi sa hannu a takardar izini saboda wata ƙara da ka ji a famfo na biyu, mai tura ruwan sanyaya tukunya. Yanzu takardar tana kan teburina, manaja yana cewa ma'aunai duk lafiya. Sau huɗu na tsaya jikin famfon, ban ji komai ba. Ban sani ba ko ƙarar ce ta daina, ko kunnena ne bai kai naka ba. Wallahi tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba 'ya'yanka da 'yan'uwanka haƙuri.

Hajiya, matar marigayi, Allah Ya ba ki juriya. A wajen zaman makoki kin nuna mini katangar tasha ta tagar falonku, kika ce, "Da yana raye ban taɓa tambaya ba. Yanzu mu zauna ko mu tashi?" Ki gafarce ni, ni ma jiya na tura iyalina gidan surukaina, nesa da tasha.