Kawu Bala da Wasan Ces

Duk wanda ya zauna unguwar Abakpa a zamanin Gowon ya san Kawu Bala, ƙanen mahaifiyata: kullum da la'asar yana gindin dalbejiya, hula a gwiwa, allon ces a gaba, yana tsaki shi kaɗai. Wani injiniya Ba'indiye da ya yi wa tuƙi ne ya koya masa darar Turawan nan, ya bar masa allon.

Ni kuwa sabon akawu ne a ma'aikatar gona. Akwai wani Mista Okon da ke lallasa ni a ces kullum lokacin hutu, 'yan matan da ke buga tafireta suna dariya. Na ce bari in je gida, ai ina da gwani.

"Kawu, da me ake farawa?"

"Da Bismillah."

"Na sani. Wane ɗa zan fara turawa?"

"Wanda ba za ka yi da-na-sani ba."

Wallahi iyakar darasin ranar ke nan.

Ga maƙo. 'Ya'yan wasan sun ɓace rabi, ya ƙi sayen wasu. Kwalbar turare ce sarauniya, farin goro ne dokina. Rannan ina ta nazari, na ɗago, sai na ga bakinsa yana motsi.

"Kawu, ina dokina?"

"Ai dama zan ci shi. Na rage maka wahala."

Da na gaji, na aro littafin koyon ces a laburare. Kawu ya juya shi gaba da baya, ya dubi hoton Baturen da ya rubuta.

"Wannan ya taɓa ci na?"

"Bai ma san ka ba, Kawu."

"To ka gani."

Ya sa littafin ya tokare ƙafar benci.

Da aka shirya gasa a ofis, aka haɗa ni da Okon. Na je na durƙusa wa Kawu har ƙasa, na ce ko dabara ɗaya ya ba ni, don Allah. Ya gyara zama, har na fara sa rai. Can ya ce, "Kada ka zauna inda rana za ta haske maka ido."

Okon ya gama da ni kafin shayinsa ya huce. Na dawo raina a ɓace.

"A ina ka zauna?"

"Cikin ɗaki aka yi, Kawu. Babu rana."

"To laifinka ne ke nan."

Na ce, "Wai me ya sa ba ka son in iya?"

Ya mayar da hularsa ka. "In ka iya, wa zan riƙa ci?"

Bayan rasuwarsa, Inna Hajara matarsa ta ce mini duk ranar da ban zo ba, sai ya jera 'ya'yan, ya zauna yana duban hanya har a kira magariba.

Har yau ban iya ces ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.