Zaman Shirun Malam Sammani Mai Rediyo

Malam Sammani ya shigo Katsina daga ƙauye yana saurayi, da riga biyu da sukundireba ɗaya. Ya koyi gyaran rediyo a hannun wani tsoho a Ƙofar Durbi, daga baya ya buɗe shagonsa a Ƙofar Sauri, jikin gidan da yake zaune da matarsa Indo. Ya shekara ashirin da shida a nan yana liƙe waya da dalma. Unguwa ta san shi da gwaninta, ta kuma san shi da saurin fushi.

Zamanin soja fushin bai sami wurin aiki sosai ba. Mutane su zauna a bencinsa su saurari labaran rana, kowa ya ce "Allah shi kyauta," a watse. Da farar hula suka dawo a 1999 aka ce kowa na iya faɗin ra'ayinsa, sai ga shi kowa na da ra'ayi, wasu ma biyu. Benci ya koma majalisa. Babban abokin gardamarsa shi ne amininsa Alhaji Yari mai kayan keke, wanda shagonsa ke kallon nasa. Kowannensu ya zaɓi jam'iyya daban, kuma ta Malam Sammani ce ta sha ƙasa.

Damina na tsakiya hannunsa na dama ya fara rawa. Ya ɗauki ƙarfen liƙi, dalma ta ɗiga inda ba a aike ta ba. Ya ƙone rediyo biyu a mako guda. Bai gaya wa kowa ba, amma ya tsorata, domin da haka ciwon mahaifinsa ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Mai gyaran rediyo kuwa ba shi da wata dukiya sai hannunsa.

A asibiti wata nas mai suna Kande, 'yar kudancin Kaduna, ta auna jininsa, ta dubi ma'aunin, ta sake aunawa.

"Baba, da wa kake faɗa?"

"Ni ba ni faɗa da kowa. Gaskiya nike faɗi, mutane ba su so."

"To gaskiyar ta kusa kwantar da kai."

Likita ya rubuta masa ƙwayoyi. Da zai fita Kande ta ƙara masa wani abu nata. Ta ce kullum ya sami minti goma sha biyar ya zauna, ya rufe ido, ya bi numfashinsa yana shiga yana fita. Tunani in ya zo ya bar shi ya wuce. Kada ya tanka wa komai.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ƙwayar ma ka sha."

Malam Sammani bai ga wahalar zama ba, tun da a zaune yake yini. Ya fara a tsakar gida. Indo ta fito daga madafa ta tarar da mijinta zaune ido rufe, bai ce gishiri ya yi yawa ba, bai ce an bar ƙofa buɗe ba. Ta yi salati ta sheƙa masa ruwan buta. Bayan ya bushe ya yi mata bayani ta yarda, amma injin niƙan maƙwabta bai yarda ba. Sai ya fitar da tabarma ƙofar shago bayan la'asar, ya kashe rediyoyi, ya jingina da bango.

A nan kuskuren ya faru. Kande ta ce kada ya tanka wa komai, kuma bai tambaye ta ko gaisuwa na cikin komai ba. A Katsina kuwa gaisuwa ba ta ƙarewa a jimla ɗaya. Akwai yini, akwai gajiya, akwai aiki, akwai iyali, akwai ruwa, sannan a koma kan gajiya.

Alhaji Yari ya tsallako titi. "Salamu alaikum. Malam, ina yini?"

Malam Sammani na shaƙar iska.

"Ina gajiya? Yaya mutanen gida?"

Yana fitar da ita.

Alhaji Yari ya tsaya har ya kai ga tambayar ruwan shekaranjiya, sannan ya gyara hularsa ya koma. Da minti goma sha biyar suka cika Malam Sammani ya ɗaga masa hannu daga nesa, Alhaji ya juya yana gyaran kayan da ba su buƙatar gyara. Washegari haka, jibi haka. Kafin Juma'a unguwa ta gama fahimtar lamarin: Sammani na gaba da Yari saboda zaɓe. Benci ya bushe, masu kawo gyara suka ragu. Abin mamaki, barci ya fara yi masa daɗi, kuma kwana huɗu bai ɗaga wa Indo murya ba, har ta tambaye shi ko ta yi masa wani laifi.

Ita ce ta kawo shawara. "Malam, ka riƙe carbi mana. Wanda ya gan ka da carbi ya san wuridi kake, sai shi ɗaga hannu shi wuce."

"In riƙe carbi ana yi mani kallon mai ibada, alhali numfashina nike bi? A'a. Wuridina na asuba daban, wanga daban."

Ran Asabar Malam Usman limamin unguwa ya tara Malam Sammani da Alhaji Yari a zaurensa, ya tuna musu cewa gaba ba ta wuce kwana uku tsakanin Musulmi, su kuwa sun yi shida.

"Allah gafarta Malam, ni ba ni gaba da shi," in ji Malam Sammani. "Magani nike sha."

"Wane magani ne ke hana amsa sallama?" Alhaji Yari ya ce. "Kun faɗi zaɓe, shi ne maganin."

Da a watan jiya ne, da an ji muryar Malam Sammani har hasumiyar Gobarau. Ya ja numfashi, ya sake ja. Sannan ya miƙa hannunsa na dama a tsakiyar zauren ya bar su suka ga yadda yake rawa. Alhaji Yari ya san mahaifin Sammani, yana cikin waɗanda suka kai shi makwanci. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Mi ya hana ka faɗi mani?"

"Da ka ce jam'iyyarku ce ta girgiza ni."

"Da na ce," Alhaji Yari ya amsa.

Liman ya yanke cewa amsa sallama wajibi ne, amma in mutum ɗaya a cikin jama'a ya amsa ya ɗauke wa saura. Ya dubi Alhaji Yari.

Tun daga ranar, in an idar da la'asar Alhaji Yari kan jawo kujerarsa ya zauna gefen tabarmar. Mai wucewa ya yi sallama, shi ya amsa. "Lahiya lau. Ba gajiya. Iyali lahiya. Shina cikin magani, dawo an jima." Masu gyara suka dawo. Da Malam Sammani ya koma asibiti bayan wata biyu, Kande ta ce jinin ya sauka, ko da yake bai kai inda take so ba.

Sai dai Alhaji Yari mutum ne da ba ya tsayawa iyakar aikin da aka ba shi. Wata la'asar wani malamin makaranta ya tsaya ya tambayi yadda Malam Sammani ke ganin sabuwar gwamnati.

"Ai ya gamsu ƙwarai," Alhaji Yari ya ce da ƙarfi. "Jiya ma shike gaya mani ya yi nadamar ƙuri'arshi. Kunya ce ta sa shi rufe ido."

Jijiyar wuyan Malam Sammani ta tashi. Saura minti tara. Ya shaƙi iska ya fitar, ya shaƙa ya fitar, Alhaji Yari na ci gaba da bayyana ra'ayoyin amininsa game da ciyaman da kansiloli. Da lokaci ya cika Malam Sammani ya buɗe ido.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah," ya ce a hankali.

Ya tashi ya shiga shago, ya jona ƙarfen liƙi, ya jira ya yi zafi. Akwai wata ƙaramar rediyo da ya kwana goma yana zagayawa saboda wayarta siririya ce kamar gashi. Ya buɗe ta, ya ɗiga dalma daidai wurin, ya sa batir. Ta yi magana.