Zufar Gansakuka

Har yau in na ji ƙamshin kifin banda raina ɓaci yake yi, alhali a gindin wutar banda na girma. Kakata Inna Ige ce mai bandar kifi a ƙauyenmu, can bayan Kalgo ta wajen Dangoma. Da an sallame magariba sai mu kewaye ta, tana juya tarwaɗa a kan raga, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta Gansakuka ce. "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri," haka take farawa. Wai Gansakuka ta zo bakin tafki a rame, ta roƙi Sarkin Kifi ɗan lungu, ya ba ta. Ta zauna tana shan rana, tana zufa cikin ruwa.

"Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi cikin ruwa, ido bai ganin su," in ji Inna. "Zuhwar ga ita at tuwonsu. In kaɗan ta, su ci su share ruwa, kowa shi ji daɗi."

Sai wani manomi ya riƙa watsa wa Gansakuka abinci kullum. Ta yi ƙiba ta rufe tafki, zufarta ta yi ɗaci. 'Yan mitsi-mitsin kirki suka mutu, masu haɗama suka hayayyafa, suka shanye numfashin ruwan tas. Da gari ya waye Sarkin Kifi na kwance ciki sama.

Sai Inna ta tambaye mu, "Wa ad da laihi?"

Mu ce, "Gansakuka!"

Sai ta ɗaga sandar tona wuta kamar za ta kwaɗa mana. "Kawunan banza! Ita ta san ƙoshi? Wanda yab ba ta dai."

Ina shekara goma sha biyu Baffa Sanda, ƙanin babana, ya fara noman rani a gefen tafkinmu. Ya haƙa lambatu, ruwan shinkafarsa na komawa tafki da takin zamani a ciki, buhunan takin ma a can ake wanke su. Inna ta taka har gonar ta yi masa magana. Ya ce, "Inna, koma wurin wutarki. Ruwa na, komi wankewa shikai." Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi.

Rani na biyu tafki ya koma kore kamar miyar kuka, yana wari, kifi na yawo ciki sama har bakin gaɓa. Inna ta je ta gani, ta dawo ta share bandarta, ta jingine raga. Ba kifi, ba wuta, ba zama. Har ta rasu ba ta ƙara ba mu tatsuniya ba.

Da na shiga kwaleji, malamin kimiyya ya zana abin nan a allo, ya ce har a teku haka gansakuka ke yi da ƙananan ƙwayoyin halittar ruwa, wato 'yan mitsi-mitsin Inna. Kowa na rubutu, ni kuwa na ajiye biro don haushi. Wato sai mai alli ya faɗa za mu yarda, tsohuwa mai hayaƙi a zane kuwa abin dariya ce! Baffa har gobe cewa yake ikon Allah ne, kamar Allah ne ya riƙe masa shebur.

Yanzu ni ke ba 'ya'yana tatsuniyar. In sun tambayi wa ke da laifi, nakan ce Baffa Sanda. Ban taɓa gaya musu ni ce ke ɗaukar masa buhunan zuwa bakin ruwa ba.